Sabulu a Tsohuwar Riga

Duk masu shagunan da ke kan hanyarsa Kawu suke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shi ne direban motar kamfanin sabulu da ke raba kaya a unguwannin bayan tashar jirgi. Ya kama aikin gashinsa baƙi wuluk, yanzu ya yi fari fat. Mutum ne mai ƙarancin magana da taurin kai. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: tun da ya fara jan motar nan bai taɓa sauke wa kowa jabu ba. A garin da ake ɗura ruwan famfo a kwalbar turare a sayar, wannan suna ba ƙarami ba ne. Da shi yake cin abinci, da shi yake ɗaga kai a layi.

Sabulun kamfanin a leda yake zuwa, ja da ruwan zinariya, mai ɗaukar ido. Mata ba sa ma kiran sunansa. "Ba ni mai ƙyalli," kawai suke cewa.

Wata safiya Kawu ya je sito ɗaukar kaya. Ya farke kwali ɗaya don ya duba, kamar yadda ya saba, sai ya ga sabulun a naɗe cikin takarda ruwan ƙasa irin ta buhun siminti. An buga sunan kamfani da baƙar tawada, a gefe kuma ga ɗan ganye kore.

"Wannan kuma fa?"

Mai sito, wani ƙaton mutum da ba ya rabuwa da kujerarsa, bai ko ɗago ba. "Sabulu ya tuba, Kawu. Ya daina ado."

"Wa ya sa shi tuba?"

"Wa zai sa? Ganye."

Ganye ita ce jami'ar talla, yarinya sa'ar 'yarsa ta fari. Ma'aikata ne suka laƙaba mata sunan, saboda duk abin da ta taɓa sai ta manna masa hoton ganye: ƙofar ofis, kwandon shara, har tankin ruwa. Kawu ya hau sama da sabulu ɗaya a hannu. Ofishinta ɗan ƙarami ne, fanka na kaɗawa a kusurwa, tebur ya cika da takardu masu launin kore iri iri, an danne su da kofin shayi don kada iska ta kwashe.

"Baba, sannu da zuwa. Ka ga sabuwar rigar?"

"Na gani. Ban gane ba."

Ta ja masa kujera, bai zauna ba. Ta yi masa bayani a tsaye. Ledar nan ba ta ruɓewa, in ji ta. Kowa ya yi wanka ya jefar, ta bi kwata ta toshe magudanar ruwa. Lokacin da ruwa ya ci gidajen da ke bayan masana'anta aka zo yashe kwalbati, abin da aka fito da shi ja ne da ruwan zinariya, da sunan kamfani a jiki. Takarda kuwa damina ɗaya ta ishe ta ta zama ƙasa. Sabulun ciki bai canza ba ko kaɗan.

Kawu bai musa ba. Ya san gaskiya ta faɗa, don shi ma da hannunsa yake zaƙulo ledar daga kwatar ƙofar gidansa.

"An gaya wa masu shago?"

"Talla na nan zuwa, Baba. Rediyo, fosta, komai da komai."

"Yaushe?"

"Da zarar manya sun sa hannu. Har yanzu ba a daidaita kan launin ganyen ba. Wasu sun ce ya yi duhu."

"Kaya ya fita, magana tana gida."

"An riga an juya injin, ba za mu tsayar da shi ba. 'Yan kwanaki ne kawai." Ta ɗauko kyamara daga aljihun tebur. "Tun da ka zo, ɗan riƙe sabulun ka tsaya jikin bango. Duk direbobi nake ɗauka. Yi murmushi mana, Baba."

"Ba ni da dalili."

Ta ɗauke shi haka nan, fuska a murtuke.

Shagon da ya fi daɗewa yana sauke wa kaya shi ne na Dogo. Gajeren mutum ne, don tsiya aka sa masa sunan. Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da tela, kantarsa ta katako ta yi sulɓi don tsufa. Tare suka tsufa da Kawu a kan wannan kantar. Dogo ya karɓi sabulun, ya juya gaba, ya juya baya.

"Kawu, yunwa ce ta kama kamfanin, ko kai ta kama?"

"Riga suka canza. Sabulun shi ne."

"Don me?"

Kawu ya tuno kalmar da Ganye ta yi ta maimaitawa. "Saboda muhalli."

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Shi Muhallin nan a wane layi yake wanka? A gaya masa mu ba mu ba shi saƙo ba."

Aka yi dariya. Dogo ya karɓi rabin kwali, don kunya. Sauran shaguna wasu suka karɓi kaɗan, wasu suka ce a bari sai wani zuwan. Kawu ya koma da mota kusan a cike, abin da bai taɓa yi ba.

Zuwa na gaba ya fi muni. Takardar tana nan a kan kantoci yadda ya bar ta. A wani shago mai shi ya turo masa kwalin da ƙafa, yana kallon gefe.

"Ban ce kai ne ba, Kawu. Wataƙila a hanya aka musanya maka. Yanzu mutane sun ƙware."

A shagon Dogo ya tarar da Mai Wanki, wata dattijuwa da ke wanke kayan otal otal, wadda ke kwasar sabulu fiye da kowa a layin. Ba ta ga shigowarsa ba. Tana riƙe da sabulun da yatsu biyu, tana magana da Dogo da muryar da ta isa titi.

"Ni ba zan sa wannan a zanin gadon mutane ba. Ashe har Kawu ya bi sahu? To wa ya rage?"

Dogo ya yi tari. Ta juyo, suka haɗa ido da Kawu. Ba ta janye maganar ba. Ta ajiye sabulun ta fita, ta tsallaka titi ta sayi na wani kamfani. Da Kawu zai shiga mota, ya ji mai aski yana ce wa wanda yake yi wa aski, "Ga Kawu mai siminti nan."

Kawu ya koma kamfani. Ya sake hawa wurin Ganye. Ta fito daga taro da takardu a rungume, idanunta duk sun faɗa.

"Ana ce min mai jabu a layi."

"Ka yi haƙuri, Baba. An gama da ganyen, yanzu muryar rediyo ake nema. Ka ƙara min ɗan lokaci."

"Sunana ba ya da ɗan lokaci."

"Wallahi na sani. Ina ta faɗa musu."

Aka kira ta daga ciki, ta koma da sauri.

Ya sauka sito. A can lungu, bayan tsofaffin tayoyi, ya hangi wani abu yana ƙyalli. Manyan naɗin tsohuwar ledar ne da suka rage lokacin da aka juya injin, an jingine su ana jiran motar shara. Ya tsaya yana kallonsu har mai sito ya lura.

"Shara ce, Kawu. In kana so ka ɗauka, ka rage min aiki. Amma ni ban gani ba."

Ranar hutu ya shigo da kwalaye da naɗi ɗaya ɗakin baya, inda matarsa ke ajiye keken ɗinkinta da tulin kayan guga. Ya rufe taga. Ya shimfiɗa ledar a kan tabarma, ya bi layin zanen da almakashinta yana yankawa. Ya kware takardar sabulu ɗaya, ya naɗe shi a ledar, ya lanƙwasa kunnuwan. Bakin ya ƙi kamawa. Ya jona dutsen guga, ya taɓa gefensa a kan haɗin. Ledar ta narke kaɗan ta manne. Ya ɗaga sabulun a hasken ƙwan lantarki. Ko shi ba zai bambanta ba.

Matar ta tsaya a bakin ƙofa da zani a kafaɗa.

"Baban yara, sabuwar sana'a aka samu?"

"Gyara nake yi."

"Gyaran me? Almakashina kake dakusar min a leda."

"Sabulun nasu ne. Ledar tasu ce. Ina ƙarya a nan?"

"To me ya sa ka rufe taga?"

Ya ci gaba da liƙa ledar. Ta daɗe a tsaye. Da ta ga yana ƙona yatsa, ta yi tsaki, ta zauna ta karɓi dutsen gugar. Hannunta ya fi nasa iyawa. Suka wuni suna aiki. Takardun da aka kware suka taru a kusurwa, ta riƙa hura wuta da su.

Da ya sauke wa Dogo kwali, Dogo ya buɗe, ja da ruwan zinariya suka haske masa fuska. Ya washe baki.

"Yauwa. Me ya faru?"

Kawu ya kalle shi ido cikin ido. "Sun dawo hayyacinsu."

Dogo ya fita bakin shago da kansa yana ɗaga sabulun sama. Ya aika aka gaya wa Mai Wanki. Ta zo ta kwasa, har ta ce wa Kawu ya yafe mata, bakinta ne ba shi da linzami. Mai aski ya ce ashe Muhalli ya bar gari. Shago bayan shago, kowa ya cika kantarsa. Duk ranar hutu ɗakin baya a rufe yake, gidan yana warin narkakkiyar leda. Kawu ya gaya wa kansa cewa na ɗan lokaci ne. In talla ta fito, mutane suka gane, sai ya daina, ba wanda zai sani.

Sauran direbobi kuwa kaya na ta dawo musu. A taron ma'aikata manaja ya sa aka tafa wa Kawu. Ganye ta miƙe, fuskarta cike da murna.

"Kun gani? Unguwannin Baba sun karɓi takarda tun ba a yi musu talla ba. Mutane suna son abu mai kyau, in wanda suka yarda da shi ya kawo musu."

Kawu ya kafa ido a kan takalminsa har aka gama tafin.

Tallar ta fito ba tare da an sanar da direbobi ba. Yana kan hanya da safe, rediyon mota a kunne, sai ya ji kiɗa, sannan muryar mace mai daɗi: sabulunku ya canza riga don kwatocinku su huta. Na gaske yana cikin takarda. In kun ga mai ƙyalli, ba namu ba ne.

Ya taka birki har na bayansa ya danna masa hon. A bangon tashar jirgi an manna wata ƙatuwar fosta, gam ɗin ko bushewa bai yi ba. Fuskarsa ce, a murtuke, yana riƙe da sabulun takarda. A ƙasa an rubuta maganar da ya ji a rediyo da manyan baƙaƙe. Ya ci gaba a hankali. Tana jikin turken lantarki. Tana jikin katangar makaranta. Masu mannawa sun bi hanyarsa tun da sassafe, shago shago.

Ta shagon Dogo a jikin ƙofa take. Ta bayanta, a kan kanta, mai ƙyalli ne jere har rufi. Mutane sun taru. Mai Wanki tana tsakiya da buhu, tana zazzage sabulu a ƙasa. Dogo yana tsaye hannu a baya. Ya tako har gindin motar, ya ɗaga kai ya dubi Kawu ta taga.

"Kawu, ga ka a bango kana ƙaryata kanka a kanta. Wanne zan ji?"

Mai aski bai yi barkwanci ba. Kowa na jira. Kawu ya sa giya ya juya motar.

Kafin ya isa kamfani wayoyi sun riga shi. Manaja ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa. Ganye tana zaune, sabulu mai ƙyalli ɗaya a gabanta wanda wani mai shago ya aiko. Ta juya shi, ta nuna haɗin da yatsa.

"Injinmu ba ya barin shatin dutsen guga, Baba."

"Ni na naɗe."

"A ina ka sami ledar?" in ji manaja.

"Na samu."

Manaja ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugu ba ne, mutum ne mai gudun fitina. Ya ce akwai mafita. Kamfani zai sanar cewa masu jabu sun kutsa kaya a unguwannin bayan tasha, sun yaudari direba mai gaskiya. Za a kwashe mai ƙyalli a musanya da na takarda kyauta. Abin ma zai taimaki tallar, don mutane za su ga da gaske akwai jabun. Kawu zai ci gaba da jan motarsa. Abin da ake so daga gare shi kaɗan ne: duk wanda ya tambaye shi, ya ce an cuce shi.

"In ce na sauke jabu."

"Ka ce ba da saninka ba."

"In na ƙi?"

"In ka ce kai ka naɗe, ba ni da yadda zan riƙe ka. Ka taɓa kayan kamfani a gidanka. Ka sani."

Ganye ta ɗago. "Yallaɓai, mun fito muna ce wa mutane su yarda da mu a kan maganar leda. Sai mu buɗe da jabun da babu shi?"

"Ke kika rubuta 'ba namu ba ne'."

"Ni ce. Na ga ya fi ƙarfi a kunne. Kuma ni na bari kaya ya fita ba bayani." Ta juya ga Kawu. "Amma Baba, ka zauna ana tafa maka. Na miƙe a gaban kowa na yi misali da kai. Da ka ja ni gefe ka gaya min, da ban sa fuskarka ba."

Kawu ya sunkuyar da kai.

Manaja ya ce ya je ya kwana da maganar. A ƙasa mai sito ya tare shi, ya baro kujerarsa har bakin ƙofa, gumi na bin wuyansa.

"Kawu, don girman Allah. Ina da ƙananan yara."

"Ka ji na ambace ka?"

A gida ya tarar da matar tana tsince shinkafa a tsakar gida. Labari ya riga ya iso, maƙwabciya ta kawo shi da ɗuminsa. Ya zauna a kan benci ya gaya mata abin da manaja ya ce. Ta ci gaba da tsinta.

"In ka ce an yaudare ka, kana da mota."

"In na ce haka, na sauke jabu. Har in mutu haka za a ce."

"In ka faɗi yadda aka yi, za a ce ka yi musu ƙarya."

"Na yi."

"To ai ka gama zaɓa. Me kake so in ce?" Ta kaɗe tiren. "A shekarun nan naka wa zai ba ka wata motar, ka yi tunani? Auta bai gama makaranta ba."

"Na yi tunani."

"Hannuna ma yana ciki. Da na ɓoye dutsen gugar tun ranar farko."

"Da na sayo wani."

Ta kusa dariya, ba ta yi ba. Ta tashi ta shiga kicin, ya ji tana jan hanci a can.

Washegari ya ajiye makullin mota a kan teburin manaja. Manaja ya dubi makullin, ya dubi Kawu, ya girgiza kai. A matakala Ganye ta biyo shi da sabulun takarda guda biyu.

"Za ka buƙace su. In zo tare da kai?"

"A'a."

"Zan sa a cire fostocin."

"Ki bar su. Abin da ke jiki gaskiya ne, ban da layin ƙarshe. Shi za ki gyara."

Ya hau motar haya kamar kowa, ya sauka a tasha, ya taka zuwa shagon Dogo. Bai taɓa zuwa layin a ƙafa ba. Wani ya zana wa hotonsa ƙaho da gawayi. Dogo ya sauke mai ƙyalli duka daga kanta, ya tara a kwalaye a bakin ƙofa. Da mutane suka hango Kawu, suka fara matsowa. Tela ya tsayar da kekensa.

Kawu ya ɗauki mai ƙyalli ɗaya ya yage ledar. Ya kware na takarda ɗaya. Ya ajiye su gefe da gefe a kan kanta: launi ɗaya, tambari ɗaya a jiki. Ya ari wuƙar Dogo ya raba kowanne biyu, ya tura gaba don kowa ya gani.

"Sabulu ɗaya ne. Kamfani ya canza riga don leda na toshe kwata. Kuka ƙi karɓa, kuka ce jabu ne. Na kwashi tsohuwar leda na naɗe muku a ɗakina, da dutsen guga. Kamfani bai sani ba. Ba wanda ya yaudare ni. Ban kawo jabu ba. Ƙarya na yi."

Dogo ya ɗauki ɓarin sabulun ya murza da babban yatsa, ya ajiye.

"Da jabu ne, Kawu, da na ce ƙaddara ce. Kowa ana cutarsa. Amma ka tsaya a nan, ka dubi idona, ka ce sun dawo hayyacinsu. Ni kuma na fita titi kamar wawa ina ɗaga shi sama. Jiya matan layin nan ɓarawo suka kira ni. Ni."

"Na ji."

"Ka ji. Da ka zauna ka yi min bayanin kwatar nan tun farko, yadda ka yi yanzu, ba muhalli ba."

"Da ka saurara?"

Dogo ya kawar da kai. "Wataƙila a'a. Amma da yau ina da bakin magana." Ya nuna kwalayen da haɓa. "Ba zan sayar da su a haka ba, kuma ba zan taɓa su ba. Kai ka sa musu, kai za ka tuɓe musu."

Ya shige ciki. Kawu ya jawo akwatin lemo ya zauna a bakin titi, a ƙarƙashin hotonsa. Ya fara yage leda ɗaya bayan ɗaya, yana jera sabulun tsirara a cikin wani baho da tela ya turo masa da ƙafa. Haɗin matarsa ya kama sosai, sai ya sa haƙori a wasu. Mutane suka kalla har suka gaji, suka watse. Mai aski ya leƙo sau ɗaya ya koma.

Rana ta take lokacin da Mai Wanki ta zo. Ta tsaya a kansa da kwando a ƙugu, tana kallon bahon. An riga an ba ta labari.

"Dogo, waɗannan tsirarun na gaske ne?"

Daga cikin shago Dogo ya ce, "Ga mai shi nan. Tambaye shi."

Ta sauke ido kan Kawu. Ya ɗago.

"Na gaske ne, Yaya."

Ta daɗe tana kallonsa. Matar da ke kwasar kwali guda a zuwa ɗaya ta sunkuya ta zaɓi sabulu ɗaya tak, ta jefa a kwando.

"Zan gwada," in ji ta.

Ta shiga ta biya Dogo ta wuce. Kawu ya bi bayanta da kallo har ta sha kwana. A duk shekarun da ya yi a layin nan ba a taɓa cewa za a gwada kayansa ba. Ya ƙarasa kwalin ƙarshe. Yatsunsa sun yi ja, bayansa ya ƙage. Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Dogo, ara min wuƙar nan. Akwai shagunan gaba."

Dogo bai fito ba. Hannunsa kawai ya bayyana, ya ajiye wuƙar a kan kanta.

"Ka dawo min da ita," in ji shi.

Kawu ya sa ta a aljihu tare da ɗaya sabulun takardar, ya gangara layin.